ARAHA BA TA ADO: KAFIN KA SAYI TSOHON INJIN BUGA HOTO

  A wannan mako zan ajiye zancen siyasa a gefe guda, in ɗauko wani batu wanda da farko za a zaci na masu sana'ar hoto ne kaɗai, amma duk wanda ya taɓa zuba kuɗinsa a kan kayan hannu, ko mota ce ko keken ɗinki, zai ga kansa a ciki.

Akwai wani dattijo a Agege, nan Ikko, mutumin Arewa ne, wanda ya shekara fiye da 30 yana ɗaukar hoto kafin idonsa ya raunana ya rufe shago. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe cike da dodon hoto, watau fim ɗin nan da aka wanke, wanda fari ke fitowa baƙi a cikinsa, baƙi kuma ya fito fari. Akwai hotunan aure da na suna, da na maniyyata ran da za su tashi, da na fatake a zangon shanu, har da waɗanda ya ɗauko a Kaduna ranar hawan daba na bikin FESTAC a 1977. Kwanakin baya ɗansa, wanda abokina ne tun muna makaranta, ya buɗe akwatin, sai wani wari mai tsami ya buge shi. Masu adana hotuna sun san wannan wari sarai. Alama ce fim ya fara lalacewa, zafi da laima ke hanzarta shi, in kuwa abin ya yi nisa sai fim ya yanƙwane ya tattare, hoton ya tafi ke nan har abada.

Abokin nawa bai yi sanya ba. Ya nemi sikana ya kwafe hotunan cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa mahaifinsa ya nuna masa a fuskar waya. Tsoho ya duba ya kau da kai, ya ce shi a saninsa abin da ba a riƙe shi a hannu ba, ba a rataye shi a bango ba, bai zama hoto ba tukuna. Daga nan ne abokina ya ƙudura niyyar sayen babban injin buga hoto mai fesa tawada, na hannu, domin ya fitar da hotunan mahaifinsa manya-manya a takarda, sa'an nan ya mai da abin sana'a. Da ya zo mini da zancen, har ya riga ya ba da kafin alƙalami a kan wani inji. Ya ce in raka shi, tun da yake teburina a ofis yana kusa da na masu hoto, wai ko na tsinci wani abu daga bakinsu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a koma ɗakin duhu a wanke hotunan kamar yadda aka saba? Dalili shi ne zamani ya riga ya juya. A shekarar 2005 kamfanin Kodak ya daina yin takardar wanke hoto baƙi da fari, a cikin shekarar ce kuma kamfanin AgfaPhoto na Jamus ya karye. Kamfanin Ilford na Ingila ya durƙushe a 2004, wasu daga cikin manyan ma'aikatansa suka saye sashen baƙi da fari a 2005, kuma har yanzu suna yin fim da takarda. To amma takardar da magungunan wankin duk sai an yo odarsu daga waje, waɗanda suka iya aikin kuwa sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka injin tawada shi ne hanyar da ta rage wa mafi yawan mutane.

Kada kuma a ɗauka hoto baƙi da fari abin yayi ne da ya wuce. Marigayi J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a nan Ikko a 2014, ya soma ɗaukar hotunan kitson matan ƙasar nan tun 1968, ya tara kusan 1,000, aka baje su a manyan gidajen tarihi na duniya. Solomon Osagie Alonge ya shekara da shekaru yana ɗaukar hoton fadar Oba na Binin, yau hotunansa suna ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Amurka. Peter Obe na jaridar Daily Times ya bar mana hotunan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A Mali, Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar girma ta bikin baje kolin fasaha na birnin Banis a 2007. Waɗannan duka da baƙi da fari suka yi suna. Ni kuwa na tabbata akwai akwatuna irin na tsohon nan na Agege a Kano da Zariya da Sakkwato da Jos da Sabon Badun, waɗanda ba wanda ya buɗe su tukuna.

INJUNA UKU

Ranar Asabar muka fita, muka ga injuna uku a wurare uku. Na farko wani dillali ne ya ja mu wurinsa a kan hanya. Ƙato ne, faɗinsa ya fi gado, farashinsa kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Da muka matsa sai muka ji warin tawadarsa mai hawa kai. Ashe injin buga allunan talla ne da fastocin 'yan siyasa a kan leda, irin waɗanda aka yi domin a hango su daga tsallaken titi. Galibinsu launi huɗu gare su, kuma ba su da tawada ruwan toka ko ɗaya. Wanda ya sayi irin wannan domin hoton bango, ya sayi gatari ne zai yi aski da shi.

Na biyu shi ne wanda abokina ya ba da kafin alƙalami a kansa. Fes yake, ba ƙwarzane ko ɗaya, har da ledarsa. Mai shagon ya yi ta rantsuwa cewa daga jirgin ruwa aka sauke shi, kuma masu shi na farko a can Turai ba su yi aiki da shi ba sai sau 'yan kaɗan, ya shekara biyu a ajiye. Shi a ganinsa yabon kayansa yake yi. Na ce a kunna a buga mana takardar gwaji. Ya ce babu wuta. Na ce mu za mu sayi man janareta. Ya ce ai tawadar tsada gare ta, ba a ɓata ta a kan gwaji, mu biya mu ɗauka, in da matsala mu dawo. Na ja abokina gefe na ce masa, Malam, wannan cinikin biri a sama ne.

Na uku a wani shagon buga hotuna muka same shi, mai shi zai sayar ne domin ya sayi sabo. Jikinsa duk tabon tawada, murfinsa ɗaya an ɗaure da salatif, kuma ya fi na biyun tsada. Amma muna shiga muka tarar yana cikin aiki, takarda na fitowa daga bakinsa a hankali.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare, ya kamata in bayyana abin da ya sa mai kyan jikin nan ya tsorata ni, mai tabon kuma ya kwanta mini a rai.

RAN INJIN YANA A KANSA

Duk girman irin wannan inji, da ƙarfensa da ƙafafunsa da murfinsa, hidima kawai suke yi wa wani ɗan ƙaramin abu wanda bai fi tafin hannu ba, shi ake kira kan inji. Shi ne ke kai da kawowa a bisa takarda yana fesa tawada ta wasu 'yan kafofi da ido ba ya gani. Alal misali, kan injin Epson Stylus Pro 7900, wanda ya fito a 2008, yana da layi 10, kowane layi da kafa 360, watau kafofi 3,600 ke nan, kowace ta fi silin gashi siranta. Idan kaɗan daga cikinsu suka toshe, sai ka ga zane-zane a kwance cikin hoto, musamman a wurare masu sumul kamar sararin sama ko goshin mutum.

Abin da ke toshe su kuwa sananne ne ga duk wanda ya yi makarantar allo. Tawadar da ake so domin hoto mai daɗewa ba rini ba ce da ke narkewa cikin ruwa. Gari ne mai tsananin laushi da ke yawo a cikin ruwan, baƙar kuma daga dangin gawayi take, shi ya sa hasken rana ba ya cin ta da wuri. Kamar dai tawadar gawayi da ƙaro ce. In almajiri yana rubutu kullum yana motsa kurtunsa, tawada na nan da ranta. In ya yi tafiya ya bar ta wata biyu, zai dawo ya tarar gari ya kwanta a ƙasa, baki ya bushe ya yi ɓawo. Haka yake ga inji. Wanda ke aiki kullum tawada na gudu a jijiyoyinsa, wanda ya shekara biyu a ajiye kuwa, mai yiwuwa ne ta sandare tun daga kurtu har zuwa kai. Saboda haka a wannan ciniki, maganar nan ta “ba a yi aiki da shi sosai ba” abin tsoro ce.

Kamfanoni uku ne suka fi suna a wannan fanni, kuma kowanne da yadda ya ƙera kansa. Na Epson wani ɗan abu ne a ciki ke motsi idan lantarki ya taɓa shi, ya tunkuɗo tawada. Irin wannan kai yana daɗewa in an kula da shi, amma idan ya mutu sai ƙwararren mai gyara ne zai kwance ya sa wani, kuma kuɗin sabon kai da ladan aiki kan kusanci kuɗin tsohon injin gaba ɗaya, ko ma su wuce. Na Canon da na HP zafi suke amfani da shi, su tafasa ɗigon tawada ya yi tsalle ya fita. Waɗannan kawuna suna ƙarewa da aiki kamar tayar mota, amma mai inji da kansa zai cire tsoho ya sa sabo. Ko wanne ka zaɓa, ka tambayi farashin kai kafin ka tambayi farashin inji.

ME YA SA BAƘI DA FARI YA FI WUYA?

Mutum zai zaci hoto mai launi ne ya fi wahalar bugawa, alhali kuwa akasin haka ne. Hoton da muke ce wa baƙi da fari, mafi yawansa ruwan toka ne, mataki-mataki, daga mai duhu ƙwarai har zuwa wanda ya kusa zama fari. Injin da ke da baƙar tawada ɗaya tak hanya biyu gare shi ta fitar da ruwan toka. Ko dai ya warwatsa ɗigon baƙi jefi-jefi, sai fuskar mutum ta fito da tsakuwa-tsakuwa, ko kuwa ya haɗa shuɗi da ja da rawaya su ba da toka. In ɗayansu ya ɗan rinjaya ko yaya, sai hoto ya yi kore-kore ko ja-ja, idon ɗan Adam kuwa yana saurin kama wannan a cikin toka fiye da yadda yake kamawa a hoto mai launi. Wani lokaci ma hoton ya yi daidai a hasken rana, da dare a kunna fitila ya rikiɗe.

Maganin abin shi ne a zuba wa inji tawada ruwan toka tun daga kurtu. A 2002 Epson ya ƙara baƙi mai haske a injunansa 7600 da 9600. A 2005 ya fito da 4800 da 7800 da 9800 masu baƙi mataki uku, tare da wani tsari na musamman domin buga baƙi da fari. A 2006 Canon ya fito da iPF5000, HP kuma ya fito da Designjet Z3100, kowannensu da kurtu 12, har da na ruwan toka. Daga wannan lokaci ne masu hoto da dama suka amince su bar ɗakin duhu. Akwai kuma masu tsananin son abin, waɗanda ke kwashe tawada mai launi gaba ɗaya su zuba baƙi mataki shida ko bakwai, irin wanda wani Ba'amurke mai suna Jon Cone ya haɗa ya sa wa suna Piezography, suna sarrafa injin da manhajar QuadToneRIP ta Roy Harrington. Wannan hanya ce mai kyau ga wanda ya ƙware, amma ba daga nan ɗan koyo zai fara ba. Abin da mai saye zai riƙe shi ne ya buɗe murfi ya ƙirga: in babu ruwan toka aƙalla biyu bayan baƙi, ya ƙara gaba.

Akwai wani tarko kuma. Baƙar tawada iri biyu ce, ɗaya ta takarda mai sheƙi, ɗaya ta takarda marar sheƙi. A injuna irin su 7800 da 7880 gurbi ɗaya suke rabawa, duk ran da za ka sauya daga wannan zuwa waccan sai an zubar da tawada mai yawa. Waɗanda suka biyo baya suna ɗauke da duka biyun. Wanda ya san irin takardar da zai riƙa aiki da ita tun farko, ya huta da wannan asara.

ABIN DA ZA KA YI A GABAN MAI KAYA

Na farko, a buga takardar gwajin kafofi a gaban idonka. Kowane inji yana da ita a cikin tsarinsa, minti biyu ne, tawadar da take ci kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Za ka ga 'yan layuka kamar matakala, kowane launi da nasa. In akwai giɓi, a sa inji ya wanke kansa sau ɗaya a sake bugawa. Giɓin da ya ɓace, ba kome. Wanda ke sauya wuri, galibi iska ce a cikin bututu ko dauɗa a mazaunin kai, ana iya gyarawa. Wanda ya kafe a wuri ɗaya ya ƙi motsi bayan wanki biyu ko uku, ka ɗauka kan ya tafi, ka yi lissafinka a kan haka. Mai kayan da ya hana ka wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu, a buga takardar tarihin inji. Irin waɗannan injuna suna ƙirga aikin da suka yi da sauran kwanan wasu sassansu. Ka kuma zaro kurtu ka duba ranar da aka rubuta a jikinsa. Epson da kansa yana ba da shawara a ƙarar da kurtu cikin wata 6 bayan an sa shi. Tawadar da ta shekara uku a cikin inji, kada ka bari a saka maka ita cikin farashi.

Na uku, ka tambaya wace tawada aka riƙa zuba masa. Da yawa cikin masu shaguna kan sa kurtun da ake sake cikawa, su zuba tawadar rini mai araha. Hotonta kan yi kyau a ranar farko, amma ya kan koɗe a bango, sa'an nan haɗuwar tawada iri biyu a bututu ɗaya na iya jawo toshewa.

Na huɗu, kafin ka biya ko kwabo, ka zagaya ka tabbatar ana samun tawadar wannan inji da kayan gyaransa a ƙasar nan, kana akwai mai gyaran da ya san shi a garinku ko kusa. Ka tabbatar kuma kwamfutarka za ta iya magana da shi, domin kamfanoni kan daina sabunta manhajar tsofaffin injuna.

Na biyar, ka leƙa bayansa ka karanta ɗan allon da ke maƙale kusa da wayar wuta. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Wasu injuna suna karɓar duka biyun, wasu ba sa karɓa. Wanda ya jona irin na biyun kai tsaye, hayaƙi kawai zai gani.

Na shida, kada girma ya ruɗe ka. Faɗin takarda mataki uku ne aka fi sani: inci 17, watau wajen santimita 43, da inci 24, santimita 61, da inci 44, wajen santimita 112. Mai inci 44 ya kan haura kilo 100, sai ƙarti huɗu za su ɗaga shi, kuma a miƙe ake ɗaukarsa, ba a kwantar da shi ba a karkata shi, don kada tawada ta malale a ciki. Ƙaramin fim mai milimita 35 kuwa in aka buɗa shi ya kai faɗin inci 44, ƙwayoyinsa za su fito fili. Mafi yawan hotunan da ke cikin akwatunan iyayenmu, inci 17 ko 24 ya ishe su.

HARAWA TA FI DOKI TSADA

Mutanen da sun san sayen doki ba shi ne wuya ba. Wuyar tana ga harawa da dawa da kanwa da ɗan barga, safe da yamma, ko an hau ko ba a hau ba. Haka wannan inji yake. Ɗauki 7900 ɗin nan da na ambata: kurtu 11 gare shi, in ka sa masu cin mililita 350, ka zuba kusan lita 4 ke nan ta tawadar da ake saye da kuɗin waje. Ko da baƙi da fari kaɗai kake bugawa, sauran launukan ma suna raguwa wajen wanke kai, kuma in kurtu ɗaya ya ƙare, inji ya tsaya cik. Tawadar wankin tana taruwa a wani akwati mai soso a ciki, shi ma in ya cika sai an saya an sauya. Takarda mai kyau kuwa, irin ta auduga da kamfanin Hahnemühle na Jamus ke yi, wanda aka kafa tun 1584, ko mai santsin nan da ke kama da takardar ɗakin duhu, ita ma daga waje take zuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Daɗin daɗawa, ga wuta ga yanayi. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu, takardar ta lalace, kuma kan inji ya tsaya a fili bai koma mazauninsa ya rufe ba, iska na busar da shi. Saboda haka tilas ne a tanadi batir da inbata, ba janareta kaɗai ba. Masu ƙera injin suna so laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A Kano da hunturu ta kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, ga ƙura mai shiga ko'ina, a nan Ikko kuma da damina ta kan haura kashi 80, takarda ta sha danshi ta kumbura. Mutumin Arewa sai ya nemi ɗaki mai rufi, ya riƙa lulluɓe inji, ya sa na'urar ƙara laima. Na Kudu kuma ya ajiye takardarsa a cikin leda, wuri mai bushewa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba, dokin da ya daɗe a turke ba kilisa, ƙafa ke kumbura masa. Wannan inji yana bukatar a buga wani abu da shi aƙalla sau ɗaya a mako. Wanda hotunansa 20 ne ko 30, ya buga ya rataye ya gama, ba shi da dalilin sayen inji. Ya kai wa masu shi su buga masa ya biya, kuɗinsa ya fi tsira. Sai wanda ke da aikin da zai ci gaba, ko abokan da za su haɗa kai da shi.

YADDA MUKA ƘARE

Muka koma wurin mai inji na biyu muka ce mun fasa. Aka yi ta ja-in-ja har shugabannin layin suka shiga tsakani, daga ƙarshe rabin kafin alƙalamin ne ya dawo. Abokina ya yi kwana biyu ba ya cin abinci da daɗi. Na ce masa ya ɗauka kuɗin makaranta ya biya, da ya ɗauko injin nan da asarar ta ninka haka sau da yawa.

Mako na gaba muka koma wurin mai na uku, wannan karon tare da tsohon. Takardar gwaji ta fito ba giɓi ko ɗaya. Mai shagon ya ɗauko hotunansa masu kyau zai nuna mana, tsoho ya ɗaga hannu ya ce a'a, nasa za a buga, domin gani ya kori ji. Ya zaɓi hoton wani bafatake da ya ɗauka a zango, baƙin mutum, sanye da farar riga mai aska takwas da aka yi wa aiki da farin zare, ya naɗa rawani ɗan Kura. Sai daga baya na gane hikimar zaɓin. Injin da bai iya fari ba zai shafe aikin rigar ya bar fili fetal, wanda bai iya baƙi ba zai dunƙule rawanin ya zama dunƙulen gawayi, wanda bai iya toka ba kuwa zai ɓata fuskar.

Da takarda ta fito, aka bar ta ta sha iska. Tsoho ya sa a fitar da ita waje cikin inuwa, ya kawo ta kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa, ya bi askar rigar da yatsa ba tare da ya taɓa takardar ba, yana ƙirgawa. Ya ce a koma da ita ciki ƙarƙashin fitila, ya sake dubawa. Sa'an nan ya juyo ya ce da ni, “Yaro, ga naɗin rawanin nan duk ya fito, falle-falle. Wannan mutum ya shekara 30 a ƙasa, 'ya'yansa suna Mile 12, ba su da hotonsa ko ɗaya.” Na ce, “Baba, to a saya?” Ya ce, “Ni na gama nawa. Ku yi lissafin harawa.”

Lissafin kuwa ya nuna abokina shi kaɗai ba zai iya riƙe injin ba. Sai ya nemi wasu masu hoto biyu suka haɗa kuɗi su uku, suka rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: kowa da ranakunsa, kowa ya biya tawada gwargwadon takardar da ya ci, kuma a riƙa ware wani abu kowane wata domin ranar da kai zai mutu, tun da yake ranar tana nan tafe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ganin ƙungiyoyin masu ɗaukar hoto a garuruwanmu za su iya yin koyi da wannan, su ajiye inji ɗaya mai lafiya wanda zai riƙa aiki kullum, maimakon kowa ya sayi nasa ya mutu masa a ɗaki.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan akwati a gidanku, ka buɗe shi a wannan mako ka sansana. In ka ji tsami, ka ware waɗanda suka kamu daga masu lafiya, ka ajiye su wuri mai sanyi da bushewa, ka gaggauta kwafe su, sa'an nan ka zauna da dattijon gidan ya gaya maka sunayen mutanen da ke ciki tun yana iya tunawa. Zancen sayen inji ya biyo baya.